Na Kai Jirgina Makurɗi da Iskar Jos a Cikinsa

Kai jama'a, ku yi haƙuri da shirun da na yi! Tun ranar da na saka hoton jirgin nan ɗaure a bayan a-kori-kura wayata ba ta huta ba, kowa sai "ya hau ruwa? ya yi gudu? ina bidiyo?" Kwana huɗu ina buɗe saƙonninku ina rufewa. Yau dai na ce bari in zauna in zayyana muku komai tun daga fitowarmu, don abin da ya same mu a hanyar Makurɗi ban taɓa ganinsa a wani bidiyo ba, alhali na kalli bidiyon ƙera jirgi har mai sayar min da data ya fara ce min kyaftin.

Ga waɗanda ba su san ni ba, gyaran bambar mota nake yi da faiba a garejin kawuna, nan unguwar Congo-Russia a Jos. Faiba ita ce wannan tabarmar zaren gilashi da ake shafa wa rezin ta daskare ta yi tauri. Shekara biyu da suka wuce na ga wani jirgin ruwa a waya yana gudu babu inji babu fetur, ƙyalle kawai da iska. Shi ke nan abin ya shiga raina. Na zana nawa a bayan takardar buhun siminti, ƙafa goma sha huɗu, siriri a gaba don tsere, da ɗan faɗi a baya yadda mutum uku za su zauna su sha iska in ba tseren ake ba. Na haɗa mazubi da katako, na goge shi da sanfefa har wayata ta daina gane yatsana. Na shimfiɗa faiba hawa-hawa, na ciro jirgi, na sa masa suna Tsattsewa. Mun gwada shi a wani tsohon kududdufin kuza bayan Bukuru, wallahi ya tafi kamar ana tura shi.

Abin da na fi taƙama da shi kuwa shi ne ɗakunan iska uku da na yi masa a ciki, don ko ya kife kada ya nutse. Ɗaya a gaba, ƙarƙashin inda sandar ƙyallen ke tsayawa, biyu a gefe ƙarƙashin wurin zama. Na hura musu iska da famfon keke ta wani ɗan rami, na bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu ina neman kumfa. Da na ga babu ko ɗaya, sai na liƙe ɗan ramin ma da faiba, na goge, na yi fenti. Ruf. Ku riƙe wannan a ranku.

Dalilin tafiyar shi ne wani dattijo Banufe da ke gyaran jiragen faiba a bakin kogin Binuwai a Makurɗi. Ya yi shekaru a Legas a wurin da ake ƙera irin waɗannan jiragen na tsere. Wani direba ne ya haɗa mu ta waya. Da ya ga hotuna sai ya ce in kawo jirgin, in har ya tsallaka kogi ya dawo da iska kaɗai, zan zauna wajensa in koyi aikin kafin ƙarshen shekara, don daga nan zai tattara ya koma gida ya huta. Kawu kuma ya kafa nasa sharaɗin a gaban mahaifiyata. Ya ce shi da kansa zai kai ni da motarsa. In jirgi ya tsallaka, in tafi da albarkarsa. In bai tsallaka ba, in dawo kan bamba, kuma kada ya sake jin kalmar jirgi a garejinsa. Na ba shi hannu da saurina, don a lokacin ko a mafarki ban ga yadda Tsattsewa zai ba ni kunya ba.

Ana sallame sallar asuba muka tayar da mota. Sanyin Jos na damina kun san shi, wanda ke shiga ta hannun riga. Jirgi na lulluɓe da tampol, igiya ta zagaye shi kamar kayan amarya, gindinsa ya leƙo waje mun ɗaura masa jan tsumma. A Tina Junction muka ɗauki abokina, tela ne ɗan Vom, shi ya ɗinka min ƙyallen iskar da kekensa na ɗinkin labule, har allura nawa ya karya. Ya shigo da jaket biyu a jikinsa yana hura hannu, ya ce, "Injiniya, ni fa ban iya ruwa ba. Idan jirgin ta juya, ka gaya wa mama na ina son shi." Kawu bai yi dariya ba. Muka sha shayi da burodi a tsaye, mai shayin ma ya ƙara kuɗin kofi, wai madara ta hau, muka kama hanya.

Daga Bukuru zuwa Riyom hazo ne kwance a kan duwatsu, gonakin dankali da kabeji sun yi kore shar. Mata na tafe bakin titi da buhuna a ka. Ni dai rabin hankalina na kan madubi, duk ramin da Kawu ya faɗa sai in ji kamar a haƙarƙarina. Hanyar kuwa ta ci ta cinye, wani wurin sai ka rantse an yi noman rani a kan kwaltar.

Sai Hawan Kibo. Duk ɗan Jos ya san gangaren nan, lanƙwasa bayan lanƙwasa, ga ƙaurin birkin manyan motoci, ga gawarwakin tireloli a gefe sun yi tsatsa. Kawu ya sa giya ta biyu yana ta salati ƙasa-ƙasa. Kunnuwanmu suka toshe kamar kullum. Akwai wata gorar ruwa ta roba da abokina ya shanye tun a Bukuru ya murɗa murfinta ya ajiye a gaban mota. Muna tsakiyar gangara ta fara ƙas, ƙas, tana lotsewa da kanta. Ya ɗauke ta yana dariya, ya ce ko gora ma ba ta son barin Jos. Ni ma na yi dariya. Allah ya gani, na yi dariya.

Mun kusa garin Forest sai muka ji ɗas! daga baya, kamar an taka faranti. Na ce Kawu tsaya. Na sauka na zagaya motar, igiyoyi na nan daram, tampol bai motsa ba, taya lafiya. Kwance ɗaurin nan da sake ɗaura shi zai ci mana awa guda, Kawu kuma na kallon agogo. Na ce wa kaina katakon da muka yi wa jirgin matashi da shi ne ya motsa. Muka sayi ayaba da gyaɗa a wajen matan da ke rugowa da tire, muka wuce.

Daga nan duniya ta canja. Abokina ya cire jaket ɗaya a Akwanga, ya cire ta biyu kafin Lafiya, da muka tsaya cin abinci kuwa saura singileti. A wani shingen bincike jami'in ya ɗaga gefen tampol ya leƙa, ya ce, "Oga, wannan baf ɗin wanka ne ko akwatin gawa?" Da na ce jirgin ruwa ne daga Jos sai ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ji, suka yi ta dariya, suka ce mu gaishe da tekun Filato. A Lafiya muka ci sakwara da miyar agushi a wata rumfa, doya a can ba a magana, malmala ɗaya ta ishi mutum biyu, kuma kuɗinta bai kai abin da muke biya a Jos ba. Amma ni loma uku na yi na ture kwanon. Ƙarar nan ta ƙi barin kaina.

Bayan azahar muka hango gadar Makurɗi. Jama'a, ni ɗan kududdufi ne, ban taɓa ganin ruwa haka ba. Binuwai ya cika ya batse, ja-ja-ja da shi, ɗaya gaɓar can nesa kamar wata ƙasa. Masu kwasar yashi na ta kai da kawowa da manyan kwale-kwale. Ga iska kuma, mai kyau, tana busowa daga gefe daidai yadda nake so. Na ce a raina yau ce ranar.

Wurin dattijon rumfar kwano ce a bakin ruwa, jirage uku a kife ana musu faci. Warin rezin na buge ni na ji kamar ina gida. Shi kuma ɗan gajere ne, furfura fat, hannayensa duk tabon faiba irin nawa, sai dai nasa sun shekara arba'in. Muka durƙusa muka gaisa, ya ba mu ruwa, ya ce, "To ɗana, buɗe mu ga amaryar."

Muka kwance igiya, na ja tampol da kaina.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Wuraren zaman nan biyu na gefe, da na goge su suka miƙe sumul kamar tebur, sun lotsa ciki kamar an zauna a kan kwanon silba. Saman gaba kuma ya tsage, tsaga mai tsawon hannuna, ta taso daga gefe ta bi ta daidai gindin da sandar ƙyalle ke zama. Farin fentin duk ya yi zane-zane kamar fasasshen gilashin waya. Babu abin da ya faɗo masa. Babu igiyar da ta bi ta wurin. Ni na ɗaure shi da hannuna.

Kawu ya ce, "Innalillahi. Rami ne?" Na ce ba rami ba ne, Kawu, rami ba ya lotsa abu ta sama.

Dattijon ya matso. Ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa yana saurare, kamar mai zaɓen kankana. Ya shafa cikinsa tun daga hanci har gindi, ya tsuguna ya kalle shi ta gaba da ido ɗaya. Sannan ya ɗago ya ce, "Ina hancinsa?"

Na nuna masa gaban jirgin.

Ya ce, "A'a. Inda yake numfashi. Ɗakunan nan naka, ina raminsu?"

Na ce, da sauran taƙamata, "Baba, ai babu. Na toshe su gaba ɗaya don kada ruwa ya shiga."

Sai ya shiga rumfa ya fito da ɗan abin huda na hannu da zare guda da ya tsinko daga tabarmar faiba. Ya huda saman wurin zama na dama, can sama inda ruwa ba ya kaiwa. Wallahi sai ga jirgina yana tsaki, tsiiiii, dogo. Ya kawo zaren bakin ramin, zaren ya lanƙwashe ya shige ciki. Ba fitar da iska yake ba, zuƙa yake yi. Muna tsaye wurin zaman ya yi ɓum ya taso, ya kusa komawa daidai. Ya huda na hagu, haka.

Ya ce a Legas rana ce ke kumbura ɗakin iska, in an sa jirgi a ruwa mai sanyi ya tsuke, shi ya sa kowane maƙeri ke barin ɗan rami kamar na allura ko ya sa murfi. Ya ce amma shi tunda yake bai taɓa ganin jirgi ya tsotse kansa haka ba, kamar wanda ya yi wata yana jinya.

Abokina ne ya juya da gudu ya nufi mota. Ya dawo da gorar nan da ta lotse a Hawan Kibo. Ya riƙe ta a gaban dattijon ya murɗe murfin, ta yi fuf ta miƙe. Ya ce, "Baba, a Bukuru na rufe shi. Shi ma jirgin a Jos an rufe ta."

A nan na gane, kuma da na dawo na bincika na tabbatar. Jos a kan dutse take, iskarmu ba ta da nauyin ta ƙasa. Na kulle iskar Jos mara nauyi a cikin ɗakuna uku, na gangaro da ita inda iska ke da nauyi, ta waje ta yi ta danna ta ciki tun daga Hawan Kibo. Na gefe sun lotsa sun jure. Na gaba, da ya fi faɗi, shi ne ya yi ɗas ɗin da muka ji. Masu bidiyon da nake kallo duk a bakin teku suke ƙera nasu, a bakin teku suke tuƙawa, wa zai ce musu su yi gargaɗi saboda wani ɗan Congo-Russia? Ramin da ya kamata in bari, ina da shi, wanda na hura iska ta cikinsa da famfon keke. Da hannuna na liƙe shi, har da yi masa fenti.

Na ce, "Baba, a ba ni faiba da rezin, kafin gobe na yi masa faci."

Ya sa babban yatsa ya danna gindin sandar, wurin ya nutsa kamar burodi. Ya ce, "Faci a nan? Duk ƙarfin iskar da ƙyalle ya kama, nan yake sauka. Kana kaiwa tsakiyar kogi sanda za ta huda ta shige, ƙyalle ya faɗo muku a ka, ruwa ya tafi da ku. Wannan ba kududdufinku ba ne, ɗana. Sai an yanke saman nan gaba ɗaya an sake zuba wani, aikin wata biyu ne in kana da mazubinsa a kusa." Mazubin kuwa yana Jos, an ma fara cire katakonsa ana hura wuta da shi.

Na roƙe shi ko ba ƙyalle mu sa shi a ruwa. Ya yarda. Muka ɗauke shi mu huɗu muka ajiye a gefen kogi, na shiga ni kaɗai da abin tuƙi na katako, igiya na hannun Kawu. Jama'a, ya zauna a ruwan nan daidai, ko karkata babu. Na tuƙa sau uku ya zame gaba shiru kamar kifi. Iskar nan mai kyau tana ta busa min wuya, ƙyallen da abokina ya ɗinka yana naɗe a bayan mota. Tsawon igiya kawai na tafi a kan Binuwai. Kawu ya jawo ni.

Dattijon ya ce cikin jirgin ya yi kyau, wanda ya zana shi yana da ido, kuma da ya tsallaka da ya ba wasu na Legas haushi. Na ce to Baba ko zan iya zama haka nan? Ya girgiza kai. Ya ce akwai wani da ya yi wa irin wannan alkawarin kafin ni, shi kwale-kwalensa ya tsallaka, kuma gurbin koyon aiki ɗaya ne gare shi, da nawa ma ya tsallaka da sai ya zaɓa a tsakaninmu. "Da na ce in ya tsallaka, in ya tsallaka nake nufi. In na canja maka, me zan ce wa wancan?" Ya shiga rumfa ya ɗauko wasu ƙananan murafai na roba guda uku masu murɗawa, irin da ake sa wa ɗakin iska, ya zuba min a tafin hannu ya rufe yatsuna a kansu.

Mun kwana a wani masauki kusa da tasha, zafi da sauro suka raba mu tsakaninsu. Da safe muka ɗaure jirgi muka juyo. Hanyar dawowa ba ni da abin ba ku labari a kanta, don ban ga komai ba. Abokina ya yi ƙoƙari, ya sayo mangyaro da lemo a hanya, ya ce ko ba komai yanzu ni ne mutum na farko da ya kai iskar Jos Makurɗi kyauta.

Muna hawa Hawan Kibo gorar nan, da ya sake rufewa a bakin kogi, ta kumbura ta yi tam kamar za ta fashe. Kawu ya kalle ta ya kalli titi. Ya ce, "Shekara talatin ina bin hanyar nan. Kullum gora sai ta yi haka a gabana. Ban taɓa tambayar dalili ba." Na ɗauka zai ƙara wani abu a kan sharaɗinmu. Na jira har muka wuce Riyom. Bai ƙara ba.

Da la'asar muka shigo Jos ana yayyafi. Muka sauke Tsattsewa a bayan gidanmu, muka kife shi a kan tayoyi biyu kusa da kejin kaji. Mahaifiyata ta fito ta kalli fuskata, ta ce ruwan wanka na kan wuta. Kawu ya tayar da mota, ya leƙo ta taga ya ce, "Litinin ƙarfe takwas. Akwai bamba biyu na jiranka." Na ce to, Kawu. Ni na ba shi hannu a gaban mahaifiyata, ba wanda ya tilasta ni.

Ranar Litinin na je. Yau kwana uku ina kan bamba, kuma ban furta kalmar jirgi a garejin ba ko sau ɗaya.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa, amma ya yi min tsada. Na shekara biyu ina kallon yadda mutanen bakin teku ke aiki, ban tsaya na kalli inda ni nake tsaye ba. Amsar tana gaban motar Kawu tana ƙas, ƙas, ni kuma ina mata dariya. Duk wanda ke ƙera wani abu rufaffe a garin nan, tanki ne, akwatin sanyi ne, jirgi ne, in dai zai gangara da shi, don Allah ya bar masa inda zai yi numfashi.

Murafan nan uku suna aljihun rigar aikina, ina jin su duk lokacin da na sunkuya. Ban san ranar da zan sa su ba, ban ma san ko akwai ranar ba. Amma ina da tambaya, kuma da gaske nake. A cikinku akwai wanda ya taɓa yanke saman jirgin faiba ya sake zuba wani ba tare da mazubin farko ba? Yaya ka yi da mahaɗar? Ku kuma direbobi da 'yan kasuwa masu sauka Hawan Kibo, me ya taɓa lotse muku ko ya fashe a hanya kuka ɗora wa ramin titi laifi? Ku rubuto min a ƙasa, zan karanta duka. Sai dai in kun zo gareji kuka tarar da Kawu, ku ce bamba kuka kawo.